Sauya Batirin Sola Daga Tubula Zuwa Litiyam: Jagora Ga Masu Koyon Aiki

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya fi ƙarfin aljihun yawancin mutane, jama'a suka koma sola. Da yawa daga cikin waɗanda suka haɗa da baturan tubula a lokacin, yanzu baturan sun gaji, kuma duk wanda ya shigo shago buƙatarsa ɗaya ce: a sa masa litiyam. Aikin yana da kyau kuma akwai samu a cikinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ta ganin yaran da suka fara hannu suna yin sa: su sauke tsohon batir, su ɗora sabo a kan wayoyin da suka tarar, su bar inbata da saitin da yake da shi, su karɓi kuɗinsu. Ba a rufe wata biyu sai mai gida ya fara kira, wuta tana ɗaukewa da tsakar dare, ko kuma ana jin ƙaurin roba a ɗakin batir. Daga nan sai a ce batirin jabu ne. Wani lokaci jabun ne da gaske, amma mafi yawa laifin yana ga waya da fiyus da saiti, waɗanda ba a taɓa ba.

Batirin tubula dalma ce da ruwan asid, fasahar da Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa tun 1859. Yana da haƙuri. In ka cika masa caji fiye da ƙima, ruwansa ne zai ƙone, ka ƙara masa. In ka zuƙe shi ƙarƙaf, zai raunana sannu a hankali. Litiyam ba ya da wannan haƙurin, shi ya sa ake haɗa shi da wani allo a cikinsa mai suna BMS, wanda yake lura da kowane sel, ya yanke wuta nan take in caji ya yi yawa, ko batir ya yi ƙasa sosai, ko lodi ya wuce ƙarfinsa, ko zafi ya tsananta. BMS maigadi ne, ba a so a riƙa tashinsa kullum. Duk abin da ke cikin wannan jagora dabara ce ta yadda inbata da kwantirola za su tsaya da kansu kafin ya tsayar da su.

Kayan aiki

- Mita mai auna bolt, da kuma mai baki wadda ake maƙalawa a waya, amma wadda take karanta amp na DC. Yawancin masu araha AC kaɗai suke gani.
- Sifanu da sukudireba masu hannun roba, ko ka naɗe su da salatif har kusa da baki.
- Na'urar matse kan waya. Guduma da filaya ba sa maye gurbinta.
- Wayar jan ƙarfe mai kauri, da kawunan waya daidai girmanta.
- Fiyus na DC da gidansa, da bireka ta DC.
- Rizisto mai kimanin ohm 25 zuwa 30, mai ɗaukar wat 25 ko fiye.
- Safar hannu da tabarau, saboda asid ɗin tsofaffin batura.
- Takardar da ta zo da batirin da littafin inbata. In mai kaya ya ce babu takarda, nemi wani mai kayan.

1. Fara da lissafin lodi

Kada ka tambayi mai gida batir nawa yake so. Tambaye shi abin da yake kunnawa daga magariba zuwa hantsi, ka rubuta. Ga misalin gida matsakaici: fankoki uku masu wat 75 na awa goma, wat-awa 2,250 ke nan, ƙwayayen fitila takwas masu wat 10 na awa shida, 480, talabijin mai wat 100 na awa huɗu, 400, firji kuma a ba shi kimanin 1,000 na tsawon dare. Jimla 4,130. Inbata yana cin nasa, don haka ƙara kashi 15 cikin ɗari, ya zama kimanin 4,750.

Ɗauki batirin litiyam mai bolt 51.2 da 100Ah, wato wat-awa 5,120. Kashi 90 cikin ɗari ake iya ci a cikinsa, kusan 4,600. Ka ga wannan gida da ƙyar zai kai asuba, ko dai a kashe fanka ɗaya ko a ƙara girman batir. Gara mai gida ya ji wannan daga bakinka yau. Tubula huɗu masu 220Ah suna da 10,560 a takarda, amma rabi kawai ake ci in ana so su yi ƙarko, shi ya sa litiyam ɗaya mai wannan girma yake kusan maye gurbinsu.

Duba farantan sola kuma. Batirin da ba ya cika da rana ba zai kai dare ba, ko da na wane iri ne, kuma ƙurar hunturu tana rage abin da faranti ke bayarwa ƙwarai.

2. Zaɓen batir

Litiyam iri-iri ne. Wanda ya dace da gida shi ne wanda aka rubuta wa LiFePO4, wanda ya fito daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas cikin shekarun 1990. Sel ɗinsa bolt 3.2 ne, iyakar cikarsa 3.65, kuma bai cika kamawa da wuta ba. Ɗaya nau'in, irin na laftof da wayar hannu, sel ɗinsa 3.6 ko 3.7 ne, yana cika a 4.2, kuma in ya yi zafi ya kama, kashe shi aiki ne babba. Akwai masu tattara tsofaffin sel na laftof su haɗa a akwati su sayar da araha. Ni ba na sa irin wannan a ɗakin da mutane ke kwana, ko nawa za a biya ni.

Abu na biyu, ƙirga sel. Huɗu suna ba da 12.8, takwas 25.6, sha shida 51.2. Amma akwai baturan da sel goma sha biyar ne a ciki, an rubuta musu 48 daidai, irin wasu na Pylontech. Ba aibi ba ne, sai dai saitinsu daban yake. In ka ba mai sel 15 bolt 56.8 da ake ba mai sel 16, kowane sel zai nemi ya kai kusan 3.8, ya haura iyakarsa, BMS ya riƙa yankewa kullum rana tsaka.

Abu na uku, amp ɗin BMS. Nan ne masu tsarin bolt 12 suke faɗawa. Inbata mai wat 2,000 a kan bolt 12.8 yana jan amp sama da 150, in ka haɗa da asarar da yake yi ya doshi 175. In BMS ɗin na amp 100 ne, da zarar an kunna dutsen guga komai zai mutu, alhali batirin a cike yake. Haka injin borehol da firiza, waɗanda suke fizgar ninkin wutarsu a lokacin tashi.

Sannan ka ɗaga batirin da hannunka. Mai 12.8 da 100Ah na gaske yana kai kilo 10 zuwa 13. In an rubuta 200Ah amma ka ɗauke shi da hannu ɗaya kamar jakar makaranta, rubutun ƙarya ne. Araha ba ta ado. Ko a Sabon Gari ka saya ko a Alaba, karɓi rasit da garanti a rubuce.

3. Tabbatar inbata da kwantirola za su karɓe shi

Yi wannan kafin a biya kuɗin batir. Shiga saitin inbata ka ga ko yana da gurbin litiyam, ko gurbin da mutum zai sa lambobinsa da kansa, wanda yawanci ake rubuta wa USE. Tsofaffin inbatoci masu tiransifoma da yawansu ba su da wannan, cajinsu a kafe yake kan tsarin tubula. In haka ne, faɗa wa mai gida gaskiya: ko a canja inbatan, ko a kashe cajarsa a sa wata daban. Kwantirola ma haka. Ƙananan PWM marasa saiti ba su dace ba, a nemi MPPT wadda ake iya gyara wa lambobi.

Baturan bango na bolt 48 yawanci suna magana da inbata ta wata waya mai kama da ta intanet, ta hanyar CAN ko RS485. In sun fahimci juna, batir ne da kansa zai riƙa faɗa wa inbata bolt da amp ɗin da yake so, kuma wannan ya fi komai. Amma ba kowane batir ke jituwa da kowane inbata ba. Deye da Growatt da Felicity da Victron kowanne yana da jerin baturan da yake ganewa, kuma jerin siraran wayoyin da ke cikin filogin ya bambanta. Duba littafi.

4. Kashe wuta bi da bi

Cire zobe da agogon ƙarfe tukuna. Sannan ka kashe lodi, ka kashe wutar NEPA da ta janareta da ke shiga inbata, ka yanke farantai, ka kashe inbata, batir ya zo a ƙarshe. Dalilin yanke farantai kafin batir shi ne, kwantirolar da rana ke dukan farantanta in ta rasa inda za ta zuba wuta, bolt ɗinta yana iya yin sama ya ƙona ta. Wurin mayarwa sai ka juya: batir farko, farantai daga baya.

Kwance negatif kafin fozitif, ka naɗe kan kowace waya da salatif da zarar ta fita. Tubula ɗaya ya kai kilo sittin ko fiye, mutum biyu ke ɗaukarsa, a tsaye, kada ya karkata asid ya zubo.

Kada ka bar ko ɗaya daga cikin tsofaffin a haɗe da sabon. Masu gida sukan roƙa, wai biyu daga ciki da sauran ƙarfinsu. Litiyam yana zama a bolt mafi girma, don haka zai kwana yana ɗura wa tubula wuta, kuma babu saitin caji ɗaya da zai yi wa dukansu daidai.

5. Waya da fiyus

Kasuwa ta cika da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. A ido ba ka bambanta su. Fere roba ka kankare silin waya ɗaya da wuƙa: in ka ga fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ce. Ko ka kara mata wutar ashana. Silin jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya yadda yake, na alminiyam kuwa zai lanƙwashe ya sunkuya, in ka taɓa shi ya karye. Irin wannan waya tana zafi, kuma tana saki a bakin noti bayan 'yan watanni.

Amp 100 yana son waya mai kauri milimita sikwaya 35, amp 200 kuma 70, in tazarar gajeriya ce. Fozitif da negatif su zama gajeru gwargwadon iko. Matse kan waya da na'urarsa, ka ja da ƙarfi ka ga bai zame ba. A kan batir, kan waya ne zai kwanta kai tsaye a jikin ƙarfen, wosha ta hau samansa, sannan noti. In wosha ta shiga tsakani, duk wutar gidan ta cikinta za ta bi, kuma nan ne zafi yake farawa.

Fiyus ya zauna a kan fozitif, kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Litiyam yana iya sakin dubban amp a ƙiftawar ido in waya ta haɗu, kuma BMS kansa yana iya ƙonewa ya maƙale, wuta ta ci gaba da wucewa ta cikinsa. Fiyus ɗin da zai iya yanke irin wannan wuta shi ne Class T ko NH. Girmansa ya ɗan fi abin da inbata ke ja, amma kada ya wuce abin da waya za ta ɗauka, don wayar yake karewa.

Ina roƙonka kada ka sa birekar AC a layin batir, ko da ita ce kaɗai a jakarka. Wutar NEPA tana komawa sifili sau ɗari a kowace daƙiƙa, shi ya sa tartsatsin da ke tashi a cikin bireka yake mutuwa da kansa. Wutar batir ba ta komawa sifili. Tartsatsin zai ci gaba da ci har robar ta narke.

6. Wurin zama

Zafi ne yake cinye kwanakin litiyam a ƙasarmu. Yawancin kamfanoni sun sa iyakar caji a digiri 45, kuma a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai cikin watan Afrilu, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba silin yana iya wuce haka. Nemi ɗaki mai inuwa da iska, nesa da kicin da janareta, kada ka manna shi a bangon da ranar yamma ke duka. Bar tazara tsakaninsa da inbata, don inbata yana fitar da zafi. Ɗaga shi daga ƙasa saboda ruwan damina. Ba a yi masa caji in sanyi ya kai sifili, amma wannan matsalar mutanen Turai ce.

7. Haɗawa

In batura biyu ko fiye za ka haɗa gefe da gefe, auna kowanne. Bambancinsu kada ya wuce bolt 0.1, in ya wuce yi wa kowanne caji daban har su daidaita. Wayoyinsu su zama tsawo ɗaya zuwa ƙarfen da suka haɗu a kai, in ba haka ba wanda ya fi kusa zai riƙa ɗaukar wahala shi kaɗai. Jera masu bolt 12 guda huɗu don a sami 48 kuwa, sai in takardarsu ta yarda, kuma ko ta yarda batir ɗaya mai 51.2 ya fi, don BMS ɗaya ne yake ganin duka sel ɗin.

Auna fozitif da negatif da mita, kada ka dogara da launin waya. Kafin ka ɗaura waya ta ƙarshe, sa rizisto tsakanin kan batir da kan wayar na 'yan daƙiƙu. A cikin inbata akwai manyan kafasito da babu komai a cikinsu, kuma suna zuƙar wuta gaba ɗaya a karon farko. Ƙarar da kake ji da tartsatsin da kake gani ke nan. BMS yana ɗaukar wannan a matsayin haɗuwar waya ya kulle, wani lokaci ma ya lalace. Baturan bango da yawa suna da wannan kariya a ciki, sai ka bi tsarin kunnawar da littafinsu ya faɗa.

8. Saiti

Kunna inbata da batir kaɗai, farantai da NEPA suna kashe, ka gyara lambobi kafin caji ya fara shiga. In akwai wayar magana kuma sun jitu, zaɓi litiyam ka tabbatar allon inbata ya nuna kason batir. In babu, sa da hannu. Takardar batir ita ce gaba da komai, amma ga inda aka saba tsayawa.

Cikar caji: 14.2 ga mai sel huɗu, 28.4 ga takwas, 56.8 ga sha shida. Mai sel sha biyar kuma tsakanin 52.5 da 53.2. Tsakanin 3.55 da 3.65 a kowane sel wutar da ke shiga ba ta taka kara ta karya ba, don haka babu ribar kai shi iyaka.

Cajin riƙo bayan ya cika: 13.5, ko 27, ko 54. Tubula yana son a riƙe shi a cike kullum, litiyam kuwa tsufa yake yi in aka daɗe ana matsa shi a sama.

Iyakar ƙasa: 12, ko 24, ko 48 ga mai sel sha shida. Tsohon saitin tubula yakan kai 10.5 ko 42. In ka bar shi a haka, sel ɗin da ya fi rauni zai kai ƙasa tun kafin inbata ya tsaya, BMS ya yanke komai. Gari ya waye rana ta fito, amma inbata ba ya ganin batir, saboda haka ba zai yi caji ba. Wannan ne ake cewa batir ya yi barci, kuma sai an zo da wata caja an tashe shi.

Kashe cajin daidaitawa, wanda ake rubuta wa EQ. Wannan caji ne mai ƙarfi da ake yi wa tubula lokaci-lokaci, yana haura bolt 15 a tsarin 12, kuma wasu na'urori suna yin sa da kansu duk bayan kwana talatin. Shi ne dalilin da ya sa wani aikin yake lafiya har tsawon wata sannan ya fara rigima. Cire na'urar auna zafi ta kwantirola ma, ko ka kashe gyaran bolt da take yi, don an yi ta ne domin dalma.

Amp ɗin caji: kada ya wuce rabin girman batir, wato 50 ga mai 100Ah. Haɗa na sola da na NEPA a lissafi, don suna iya shiga tare. In akwai kwantirola daban da inbata, duka biyun za ka saita da lambobi iri ɗaya.

9. Gwaji

Bar batir ya cika sosai a ranar farko, don a sama ne BMS yake daidaita sel. Daga nan ka kunna lodi mai nauyi na rabin awa, ka bi kowane noti da bayan yatsa. Ɗumi kaɗan ba komai. Wanda ya sa ka janye hannu, kashe wuta ka kwance shi ka sake.

Koya wa mai gida kada ya yarda da bolt. Batir mai 12.8 yana zama tsakanin 13.0 da 13.3 kusan duk tsawon dare, sannan ya faɗi farat ɗaya. Layukan batir da ke allon tsohon inbata za su nuna a cike har zuwa lokacin da wuta za ta ɗauke. Ya duba allon batirin, ko manhajarsa a waya, ko ka sa masa mita mai ƙirga amp da ke shiga da fita.

10. In a mota ne

Motocin asibitin tafi-da-gidanka da na talla masu lasifika suna da batir na biyu a baya, kamar yadda ɗakunan kwanan da ake ja da mota suke da shi a Turai da Ostareliya. Duk abin da ya gabata ya shafe su, da ƙari ɗaya: kada ka haɗa litiyam kai tsaye da altaneta. Yana zuƙar duk abin da ta iya bayarwa, kuma in mota tana tsaye inji na aiki a hankali, fankar altaneta ba ta sanyaya ta, sai ta ƙone. In kuma BMS ya yanke ana cikin caji, bolt zai yi tsalle ya shiga kayan wutar motar. A sa cajar DC zuwa DC mai amp 20 ko 30 a tsakani. Batirin tada inji a bar shi na dalma. A ɗaure na litiyam ɗin tamau saboda gargada, nesa da zafin inji.

11. Tsofaffin batura da miƙa aiki

Kada ka zubar da asid a kwata, kuma kada ka bari a fasa batir a tsakar gida. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. Dalmar batir ita ce dai wannan gubar. Kai su ga dilan da ke karɓar tsofaffi a rufe yadda suke, kuɗin kuma na mai gida ne, ka cire masa daga lissafi. Wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Rubuta duk lambobin saiti a takarda, da yawan sel da ranar aiki, ka manna a gefen inbata. In wani ya mayar da inbatan saitin kamfani, yawanci kan tsarin dalma zai koma, kuma wanda zai zo bayanka yana buƙatar sanin abin da ka sa. Bayan mako guda ka koma ka sake ɗaure notuna, don jan ƙarfe yana ɗan saki in ya yi zafi ya huce, ka kuma buɗe tarihin BMS ka ga ko ya taɓa yankewa. In ya yanke ko sau ɗaya, koma mataki na takwas.